Hukuncin wasiyyar wanda rubutunsa ya rikice bayan shanyewar ɓarin jiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, mahaifinmu ɗan kasuwa ne a Kasuwar Barci. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta yi masa nauyi. Ya rubuta wasiyya da hannun hagu, amma wasu haruffa sun juya baya, sunan wani ya maimaitu sau da yawa, adadin kuɗin kuma bai fito ba. Yayanmu ya ce hankalinsa ya gushe, a yaga takardar. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya. Kada ku yaga ta, kada kuma ku zartar da ita a yadda take.

Rikicewar rubutu ba gushewar hankali ba ce. A yawancin mutane, sashen hagu na ƙwaƙwalwa ke riƙe da magana da rubutu, shi ne kuma ke motsa ɓarin dama. Idan jini ya yanke masa, mutum yakan san abin da yake nufi sarai, alƙalami ya ƙi bin sa: ya tsallake harafi, ya maimaita kalma, ko ya yi rubutun da sai a madubi zai karantu. Har akwai mai rubutawa daidai, a miƙa masa ya kasa karantawa. Jingina wa irin wannan bawan Allah hauka zalunci ne, ku ja kunnen yayanku cikin ladabi.

Sai dai takarda kaɗai ba ta isa ba. A mazhabar Malikiyya, ko lafiyayye ne ya rubuta wasiyya bai kafa shaidu ba, bai kuma ce a zartar ba, ba a zartarwa. Mafita ita ce ishara. Bukhari ya ruwaito daga Anas labarin yarinyar da aka rotse kanta tsakanin duwatsu biyu. Aka yi ta ambata mata sunayen waɗanda ake zargi har ta gyaɗa kai a kan sunan wanda ya aikata, kuma Bukhari ya kawo shi hujja a babin wasiyya.

Ku kai Baba wurin likitan ƙwaƙwalwa, a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke Zariya, ya auna fahimtarsa. Sannan adilai biyu su zauna da shi, a karanta masa kowane batu, a sake tambayarsa ta wata fuska, domin wani majinyacin yakan ce "e" alhali "a'a" yake nufi. Abin da ya tabbata a kai shi ne wasiyyarsa, muddin bai wuce sulusin dukiya ba kuma ba ga magaji ba, sai in sauran magada sun yarda.

Allah ne Mafi sani.