Tambaya da Amsa: Kuɗin Inshorar Mamaci Ya Maƙale, Ina Mafita?

Tambaya: Maigidana malamin makaranta ne a Garwa, ya rasu wata bakwai da suka wuce. Yana da inshorar rai ta sefa miliyan 5, sunana ne a takardar. Na kai duk abin da suka ce in kawo ga mutumin da ya yi masa rajista. Kullum na je sai ya ce dosiye yana Duwala, in ƙara haƙuri. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ji ƙan malam, ya raya abin da ya bari. Haƙurinki ya kai, doka ma ba ta ce ki yi wata bakwai kina sintiri ba.

Kamaru da Chadi duk doka ɗaya ke tafiyar da harkar inshora a cikinsu, wato kundin CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai tsara harkar inshora. An sa hannu a yarjejeniyarsa a Yawunde a 1992, ya fara aiki a 1995, ƙasashe 14 ke bin sa. Sashe na 74 ya ba kamfani wata ɗaya ya biya kuɗin mamaci, daga ranar da takardun da aka lissafa a kwangilar suka shiga hannunsa. In ya wuce haka, tarar jinkiri na hawa kan kuɗin, ko ba a je kotu ba. Wanda yake ganin wannan ƙari kuɗin ruwa ne, ya tambayi malaminsa yadda zai yi da shi, amma kada ya fasa ambatonsa a wasiƙa, domin shi ne ke sa kamfani ya yi sauri.

Inda gizo ke saƙa shi ne wannan: yaushe watan ya fara? In ba ki da shaidar ranar da kika miƙa takardu, a wurin kamfani bai fara ba ko kaɗan. Kin ce mutumin da ya yi rajistar kika ba. Ya ba ki wata takarda mai hatimi da kwanan wata? In bai ba ki ba, yana yiwuwa dosiyen na cikin durowarsa har yau. Sau da yawa irin waɗannan dillalai ne kawai, ba su ke yanke shawarar biya ba.

Don haka ki sake haɗa takardun daga farko. Waɗanda aka saba nema su ne kwangilar inshorar ko takardar shiga, takardar mutuwa ta meri (ofishin magajin gari) da ake kira acte de décès, takardar likita mai faɗin sanadin rasuwa, wato certificat de genre de mort, katin shaidarki, da takardar aure. In haɗarin hanya ne, a ƙara rahoton jandarma ko na 'yan sanda. In akwai yara ƙanana cikin masu cin gajiya, za a nemi takardun haihuwarsu da shaidar wanda ke riƙonsu. Ki duba bayan kwangilar, a nan aka jera abin da ya wajaba. Abin da ba ya cikin jerin, ki ce su nema a rubuce.

Takardar mutuwa ita ce ke yawan kayar da mutanenmu. Mukan yi jana'iza kafin la'asar, a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, ba wanda ya tuna da meri sai ranar da aka nemi takarda. In wa'adin sanarwa ya wuce, meri ba za ta rubuta ba sai da hukuncin kotu, wanda ake kira jugement supplétif, a je da shaidun da suka halarci jana'izar. Wanda ya rasu a gida kuma, takardar sanadin mutuwa kan yi wuyar samu. A koma asibitin da ya yi jinya ta ƙarshe da katinsa da takardun magani.

Idan sun cika, ki yi hoton kowace sau biyu. Ki rubuta gajeriyar wasiƙa da Faransanci mai ɗauke da lambar kwangila, sunan mamaci, ranar rasuwa, da jerin takardun ɗaya bayan ɗaya. Ki kai ofishin kamfanin da kansa, ki sa su buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinki, su sa hannu. Ana ce masa décharge. Kada ki bar teburin sai da shi a jakarki. In sun ƙi bugawa, ki aika ta gidan waya da wasiƙar rajista mai takardar shaidar karɓa, ko ki biya wisiye, ma'aikacin shari'ar nan mai isar da takardu, ya kai musu. Asalin kwangilar kada ya fita hannunki sai an ba ki rasit a kansa.

Wata ɗaya ya cika ba kuɗi, ba amsa? Sai wasiƙa ta biyu, ta gargaɗi, ki ambaci sashe na 74, ki ba su kwana 15. Kwafinta ki aika sashen kula da inshora na ma'aikatar kuɗi a Yawunde, shi ne idon hukuma a kan kamfanoni. Sama da shi akwai hukumar sa ido ta CIMA a Libreville, mai ikon hukunta kamfani har ta ƙwace lasisinsa. Kamfani ba ya son sunansa ya riƙa yawo a waɗannan ofisoshi, shi ya sa dosiye da dama ke motsawa tun a wannan mataki.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu a Marwa shekara ɗaya da rabi bayan ya yi inshora. Kamfani ya ce ba zai biya ba, wai ya ɓoye ciwon sukari, wai kuma shekarunsa ba daidai ba ne. A baki suka gaya wa yayanmu. Shi ke nan mun yi asara?

Amsa: Malam, ba shi ke nan ba. Maganar baki ba ƙin biya ba ce. Abu na farko, ku nemi su rubuta dalilinsu su sa hannu, su haɗo da kwafin takardar tambayoyin lafiya da mahaifinku ya cika ranar rajista. Shari'ar duka a kan wannan takarda za ta tsaya.

Doka ta raba abu biyu da kamfanoni kan so su cuɗa. Sashe na 18 yana magana kan wanda ya yi ƙarya ko ya ɓoye da gangan. Wannan kwangilarsa ta rushe, ko da ba ciwon da ya ɓoye ne ya yi ajalinsa ba. Gara ku san haka: mai sukari da ya ɓoye da gangan, ko a haɗarin babur ya rasu, kamfani na iya kafa hujja da ɓoyewar. Sashe na 19 kuwa na wanda ya yi kuskure ne ba da mugun nufi ba. Shi ba a rushe kwangilarsa, rage kuɗin ake yi gwargwadon abin da ya biya a kan abin da ya kamata ya biya.

Wa zai kawo hujjar ganganci? Kamfani. Ba ku ne za ku tabbatar da gaskiyar mahaifinku ba. Dole su nuna ya san yana da ciwon kafin ranar da ya sa hannu, an kuma tambaye shi a fili ya musa. In sai bayan rajista likita ya gano sukarin, ba abin da ya ɓoye. Ku nemo katin asibitinsa, ku duba ranar gwaji na farko, ku gwama da ranar sa hannu. In tambayar ta gama-gari ce, irin "kana cikin ƙoshin lafiya?", kamfani ba zai riƙe amsar da ba ta fayyace ba a matsayin ƙarya. Ku kuma dubi rubutun da kyau. Dattijan da ba sa karanta Faransanci, dillali ne kan cika musu, ya jera "non", wato a'a, daga sama har ƙasa cikin minti biyu, ya nuna wurin sa hannu. Wannan ɗabi'a tana ɓata mana rai, domin marayu ne ke biyan gaggawar dillali. In akwai wanda ya halarci zaman, lauya zai so jin ta bakinsa.

Ko da an tabbatar da gangancin, ba a tashi hannu rabbana a kowane hali. A inshorar da ke da ajiya a ciki, kamfani zai biya abin da ya taru a asusun kwangilar, wanda suke kira provision mathématique. Ku tambaye shi da sunansa.

Batun shekaru ya fi sauƙi, kuma ya shafi gidaje da yawa a arewa, inda katin dattijo ke ɗauke da "né vers", wato an haife shi wajen shekara kaza. Sashe na 80 ya ce kuskuren shekaru ba ya rushe kwangila sai in ainihin shekarun sun fita daga iyakar da kamfani ke karɓa. In ba haka ba, lissafi ne kawai. A ce yana biyan sefa 8,000 a wata, alhali da shekarunsa na gaskiya 10,000 ya kamata, to za a biya kashi 8 cikin 10: miliyan 4 maimakon miliyan 5. In kuma ƙara masa shekaru aka yi har ya biya fiye da kima, kamfani ne zai mayar da rarar.

Ƙari ɗaya ga duk wanda aka ce masa "kwangila ba ta ɗauki irin wannan mutuwa ba": sashe na 8 ya ce sharaɗin da ke hana biya ba ya aiki sai an rubuta shi da haruffa fitattu, waɗanda ido ba zai tsallake ba. Ku ce su nuna muku layin.

Tambaya: Ƙanena ɗan kasuwa ne a Ngaundere. Jinya ta sa bai biya wata uku na ƙarshe ba. Sun ce inshorar ta mutu kafin shi.

Amsa: Alhaji, ka tambaye su wasiƙar. Sashe na 73 ya shimfiɗa hanya: in kwana 10 sun wuce ba a biya ba, kamfani zai aika wasiƙar rajista, ya sanar cewa bayan kwana 40 daga ranar aikawa za a soke kwangilar ko a rage ta. In ba su aika ba, ko ya rasu kafin kwana 40 ɗin su cika, kwangilar tana raye. Su kawo rasit ɗin gidan waya, ka ƙirga kwanakin da kanka. In ta banki ake cire kuɗin, ka karɓo bayanin asusunsa na watannin, domin wani lokacin kuɗin na ciki, cirewar ce ba a yi ba.

Tambaya: Daga Injamena nake. Mijina ya rubuta sunana da na 'ya'yana, amma 'yan'uwansa sun ce kuɗin gado ne, sun je kamfani sun ce a dakata.

Amsa: 'Yar'uwa, a dokar CIMA, wadda Chadi ke bi, kuɗin da aka ambaci mai cin gajiyarsa ba ya cikin dukiyar gado. Haƙƙin wanda aka ambata ne kai tsaye, kuma zuwan dangi ofis su yi magana ba ya dakatar da shi. In suna da ja, kotu za su je. Kuɗin yana shiga gado ne in ba a ambaci kowa ba. In "magadana" aka rubuta, sai a raba gwargwadon rabon kowa, a nan ne ake neman takardar zaman dangi da hukuncin kotu mai tantance magada. In "matata" kawai aka rubuta ba suna, wadda take matarsa ranar rasuwa ake nufi, kuma za a nemi takardar aure ta hukuma. Gidan da ke da mata biyu ko uku, ko auren da ba a kai meri ba, nan ne rigima kan tashi har sai alƙali ya shiga.

Wannan hukuncin doka ne tsakaninki da kamfani. Yadda addini ya ɗauki kuɗin bayan ya shigo hannu, tambaya ce ta malamai, kuma muna ganin ya dace ki yi ta don zumunci da kwanciyar ranki. Sai dai kada ki sa hannu a takardar yafewa ko ta wakilci cikin kwanakin takaba ba tare da wani amintacce ya karanta miki ita kalma bayan kalma ba.

Tambaya: In abin ya kai ga kotu, ina za mu je, kuma ba mu makara ba? Shekara biyu ke nan da rasuwar, ga shi ba mu da kuɗin lauya.

Amsa: Wa'adin shekara 2 da ake yawan ambata na sauran rigingimun inshora ne. Mai cin gajiyar inshorar rai, in ba shi ne ya yi kwangilar ba, sashe na 28 ya ba shi wa'adi mai tsawo, bai gaza shekara 5 ba. Wasiƙar rajista mai shaidar karɓa da kuka aika kan neman biya tana katse wa'adin, ya soma ƙirguwa daga farko. Kiran waya da zuwa ofis ba sa katse komai.

Ba sai kun je Duwala ba. Sashe na 30 ya ce kotun garin da mai inshorar yake zaune ita ke da hurumi. A Kamaru, in kuɗin bai wuce sefa miliyan 10 ba, ƙaramar kotu ce, Tribunal de Première Instance. In ya haura, babbar kotu, Tribunal de Grande Instance. Marar hali kuma dokar 2009 kan tallafin shari'a ta ba shi damar nema a ɗauke masa kuɗin shari'a, duka ko wani ɓangare. Ana rubuta buƙatar ga kwamitin da ke kotun, a haɗa da takardar shaidar rashin hali daga meri. Ku tambayi magatakardan kotu ya nuna muku teburin.

In lauya za ku ɗauka, ku tabbata sunansa na cikin rajistar ƙungiyar lauyoyi, domin bakin kotu cike yake da masu cewa sun san hanya. Ku yi yarjejeniyar ladansa a rubuce tun ranar farko. Ku je masa da kwangila, rasit ɗin biya, kwafin wasiƙu masu hatimi, da takardar ƙin biya. In kamfani ya kira ku sulhu ya ce zai ba da rabi, takardar da za a miƙo muku yawanci tana cewa kun karɓa kun yafe saura, kuma bayan sa hannu da wuya a buɗe maganar. Ku karɓi kwafinta, ku kai wa lauya ya karanta, ku dawo da amsa wani mako.