Laik ba ya riƙe ɗalibi

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kullum sai ka yi fostin a shafin makarantar, hotuna masu kyau, bidiyon bikin yaye ɗalibai, mabiya kuma suna ta ƙaruwa, amma shugabanni sun kira ka sun ce su damuwarsu yaran da ke shiga ajin farko su ɓace kafin shekara ta ƙare, wai me soshiyal midiya za ta yi a kai. Kai kuma ka rasa abin da za ka ce musu.

To ka fara duba su waye ke danna maka laik ɗin nan. Za ka tarar da yawansu tsofaffin ɗalibai ne da iyaye da ma'aikata. Yaron da ke shirin barin makaranta ba ya kwamen, ba ya laik, shiru kawai yake yi, ya daina zuwa lakca ɗaya, ya daina biyu, rijistar zango na gaba ta zo ba a gan shi ba, shikenan. Shi ne mutumin da aka ɗauke ka aiki dominsa, kuma hoton sabon ginin laburare ba abin da zai tsinana masa.

Akwai wani malami a Amurka, Vincent Tinto, tun 1975 ya yi bayanin cewa ɗalibi ya fi saurin tafiya idan bai ji ya shiga cikin jama'ar makarantar ba, ta wajen karatu da malamai ko ta wajen abokai. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'ar ya ga haka da idonsa. Yaro ne bai san inda zai kai fom ba, kunya ta hana shi tambaya a ofis, ba shi da aboki ko ɗaya a ajinsu, ƙaramar matsala ta yi ta girma har ta kore shi. Jami'ar Georgia State da ke Atlanta ta gane wannan, a 2016 suka sa wata manhaja mai suna Pounce tana amsa wa sababbin ɗalibai tambaya ta saƙon waya dare da rana, zancen fom, tallafin kuɗin karatu, takardun da ba a kai ba, kuma yawan waɗanda aka ba gurbi amma ba su zo ba ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ba wata dabara ba ce fa, yaro ya yi tambaya ƙarfe biyun dare ya samu amsa, iyakarta kenan.

Don haka ni da kai aikinmu ya fi yawa a inbox. Ka sa wa kanka doka, duk saƙon da ya shigo a amsa shi a ranar, ko da amsar ita ce je ofis kaza ka nemi mai kula da kaza. Tambayar da ta zo sau uku kuwa ta zama fostin, ka yi ɗan gajeren bidiyo a kanta, kuma ka bar ɗalibi ya yi bidiyon da wayarsa da irin maganarsu, wallahi sun fi sauraren ɗan aji biyu yana nuna musu yadda ake rijistar kwas a kan jawabin shugaban makaranta, ko da an yi masa editin mai kyau.

Sai maganar grup, nan ne yara irinku ke yin kuskure. Grup na WhatsApp yana ɗaukar mutum 1024, amma don yana ɗauka ba shi ne za ka cika shi ba, idan ka zuba dubu a wuri ɗaya kasuwa ka buɗe, masu surutu goma su mamaye, mai kunya ya sa miyut ya manta da ku. Sanarwa ka kai ta channel na WhatsApp, can kai kaɗai ke magana kuma ba a ganin lambar kowa. Hira kuma a yi ƙananan grup bisa sashe, kowanne da admin daga cikin manyan ɗalibai wanda ya san fuskokinsu, shi ne zai lura cewa wane ya yi sati biyu ba a ji ɗuriyarsa ba ya bi shi ta gefe ya ce lafiya kuwa. Ka tuna a grup kowa na ganin lambar kowa, 'yan mata su suka fi shan wahalar wannan, saboda haka a faɗi doka tun ranar farko kuma wanda ya karya a cire shi ba jayayya.

Idan ɗalibai suka yi ƙorafi a kwamen kar ka goge, sai dai zagi. Ka goge yau, gobe sun koma nasu grup ɗin da ba ka ciki, can jita-jita za ta yi ta yawo ba mai gyarawa. Kuma kar ka kuskura ka saka sakamakon jarabawa ko sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba, ko da wani babba ne ya turo maka ya ce ka saka. A Amurka ma doka ce tun 1974, FERPA, ta hana fitar da bayanan karatun ɗalibi ba da izini ba, ko babu doka kuwa yaron da ka kunyata a bainar jama'a kai ka nuna masa ƙofa. Wanda ya rubuto maka yana cikin damuwa sosai, kai ba likita ba ne, ka haɗa shi da ofishin masu ba da shawara nan take, bayan kwana biyu ka sake taɓa shi ka ji ko ya je.

In za ka koma wajen shugabannin, kar ka kai musu yawan mabiya. Ka nemi ofishin rijista su ba ka adadin 'yan ajin farko da suka dawo zango na biyu, ka ajiye shi gefe da naka lissafin, saƙo nawa ya shigo, awa nawa ake ɗauka kafin a amsa, mutum nawa ka miƙa wa wani ofis aka warware musu. Ka roƙe su kuma su ba ka mutum ɗaya a ofishin kuɗi da ɗaya a rijista da za su riƙa ɗaukar wayarka, musamman makonnin farko na zango da lokacin da sakamakon farko ya fito.