Amsa ga Hajiya kan ƙwayar halittar tsiro da ta dabba

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce 'yarki da ke aji huɗu na sakandare ta haddace bambancin ƙwayar halittar tsiro da ta dabba tsaf, amma da malami ya ɗan juya tambayar sai ta rikice. Shekara 22 na yi ina koyar da bayoloji a nan Kaduna, kuma wannan kukan na sha jin sa. Hadda ce ta yi yawa, ido bai gani ba.

Ki sayo alayyahu gobe. Ki raba shi biyu, rabi ki barbaɗa masa gishiri, rabin kuma ki bar shi ya yi yaushi sannan ki tsoma shi a ruwan sanyi. Mai gishirin zai laƙwashe yana tsiyayar ruwa, ɗayan zai miƙe. Ƙwayar tsiro tana da babbar jakar ruwa a tsakiya, bakiyol, sannan tana da bango mai tauri na selulos a bayan tantaninta. In jakar ta cika sai ta tokare bangon, ganye ya tsaya ƙyam. Ƙwayar dabba ba ta da wannan bango, tantani kawai gare ta. Jar ƙwayar jini in ta shiga tsagwaron ruwa kumbura take yi har ta fashe, shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa mara lafiya a asibiti yake da gishiri kashi 0.9 cikin ɗari. Wannan misalin bai taɓa ɓace wa ɗalibaina ba.

Sai kuloroplas, mai koren launin da tsiro ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. Nan nake kama ɗalibaina. A makarantarmu maikuroskop biyu ne masu aiki, in babu wuta sai mu kai su bakin taga mu juya madubin. Nakan ɓare siririn fatar cikin albasa, in ɗiga mata aidin, in ce su nuna min kuloroplas. Wallahi rabin aji sai su ce sun gani! Alhali babu shi, don kan albasa a ƙasa yake girma, rana ba ta kai gare shi. Abin da suke gani ɗakuna ne a jere kamar bulo. Irin su masanin kimiyya Robert Hooke ya gani a 1665 a jikin ɓawon wani itace, sai dai nasa bangaye ne na matattun ƙwayoyi.

Kada kuma ta manta inda suka haɗu: tantani, nukiliyos mai riƙe da ƙwayoyin gado, da mitokondiriya mai ƙona sukari don samar wa ƙwaya ƙarfi. Yara da yawa sun ɗauka tsiro ba shi da mitokondiriya tunda yana da kuloroplas. Yana da ita mana, da me zai ƙona sukarin da ya haɗa? Ajiya ce ta bambanta, tsiro sitaci, mu gilaikojin a hanta da tsoka.

In za ta yi zane a WAEC ko NECO, fensir mai tsini, layi ɗaya ba kwana-kwana, kuma kada ta yi wa zanen inuwa. Ƙwayar tsiro ta ba ta layi biyu a gefe, na waje bango, na ciki tantani. Layukan sunaye kuma da rula, kada su gitta juna.