Yaya, ga amsar maganar bidiyon nan na itace

Yaya na ji saƙon muryar da ka turo, har sau biyu na saurara, kuma wallahi inda ka ce "ko dai kun zama maguzawa ne a can" ya tsaya min a rai. Bari in yi maka bayani yadda abin yake tunda bidiyon minti ɗaya ka gani inda nake cikin bikin auren itace na garin da nake zaune, ni kuwa shekara da shekaru ina cikinsu.

Garin sunansa Accettura, a kudancin Italiya yake, yankin Basilicata, kan duwatsu, mutanensa ba su kai 2000 ba. Garin surukaina ne. Bikin suna ce masa Maggio, ana yi kwana 50 bayan Ista. Itace biyu ake sarowa daga daji biyu daban. Babban, wato ango, daga dajin Montepiano, an yanke rassansa an feƙe shi, shanun huɗa ne ke jansa bibbiyu, farare masu manyan ƙaho, in ka gan su sai ka tuna bunajin Fulanin garinmu. Ƙaramar kuma, amarya, suna ce mata Cima, daga dajin Gallipoli Cognato, ita a kafaɗa samari ke ɗauko ta da ganyenta tafiyar wajen kilomita 15, ana kiɗa ana ciye-ciye a hanya. Ran Talata sai a ɗora amarya a kan ango a ɗaure tam, a ja da igiya a tsayar a dandalin San Vito, tsayin ya kai wajen mita 40, sannan masu ƙarfin hali su hau har ƙololuwa.

To inda addininsu ya shigo, a ranar ne ake fito da mutum-mutumin San Giuliano, waliyyin garin a wurinsu, fadan coci na gaba, mata na ɗauke da kyandir da aka jera kamar hasumiya a ka, wasu don cika alwashin da suka yi lokacin ciwo. Na taɓa tambayar surukina ko itacen suke roƙo, ransa ya ɓaci sosai, ya ce su Katolika ne, don San Giuliano suke yi, haka suka tarar kakanni na yi. Masu bincike dai suna cewa auren itacen ya girmi zuwan coci, al'adar neman damina mai albarka ce ta manoma. Ni ban yi mamaki ba. Mu da muka taso muna jin labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, kuma ka tuna yadda Inna ke hana mu zama gindin tsamiyar bayan gida da tsakar rana? Inna da ba ta taɓa barin sallah ta wuce ta ba.

Ni abin da ya kai ni wajen shanu ne. Surukina ya tsufa, gwiwa ta ƙi, ɗansa yana aiki a Jamus, shanun nan biyu kuwa ni nake ba su ci duk hunturu. Ranar ja in ban riƙe su ba wa zai riƙe? Abin da ka gani kenan, ni da sanda a gefen shanu. Ba na bin mutum-mutumin, ba na shiga coci, giyar da ake zagayawa da ita kowa ya san ba a miƙo min, naman alade ma matan da kansu suke cewa wannan ba naka ba ne, su ba ni cuku da burodi. Azahar ta same ni a daji na shimfiɗa rigata gefen hanya na yi sallata, wani dattijo ya tsaya ya riƙe min igiyar har na sallame.

Maganar aurena kuma Yaya, dan Allah a bar ta haka. Matata Ahlul kitabi ce, da waliyyi da shaidu da sadaki aka ɗaura, limami ne ya ɗaura a birnin Bari. Lokacin da nake tsinkar tumatir ina kwana a kango ba takarda ba kowa, gidan nan ne suka buɗe min ƙofa. Ba ta musulunta ba, gaskiya ne, ina addu'a kullum, amma ita ke tashina sahur, kuma ta iya tuwo da garin semolina, miyar kukar da kuke aiko min ita ke kaɗawa.

Yaran nan da kuke cewa sun zama Turawa, babbar ta kai izu biyu, ta waya take karatu da wani malami ɗan Zango na Kumasi da ke Napoli. Hausarsu akwai gargada, na yarda, amma in kun kira sai ku yi ta musu dariya har su ji kunya su miƙo min wayar. Wannan yana min ciwo fiye da maganar maguzawan. In kun kira ran Juma'a ku ɗan yi haƙuri da su, ku bar ƙaramin ya gama gaisuwarsa, sati guda yana koyon ta. A gaida Inna da su Hajiya.