Harajin kuɗin naƙasa a Amurka: yadda ake rubuta shi a fom 1040 idan ariyas ya zo a dunƙule

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, birnin New York. Shanyewar ɓarin jiki ta hana ni aiki tun farkon 2022. Na nemi kuɗin naƙasa na SSDI, ba a amince ba sai tsakiyar 2024, aka biya ni ariyas a dunƙule. Takardar SSA-1099 da aka aiko mini, wadda ke bayyana kuɗin da hukumar Social Security ta biya ni a shekarar, ta nuna dala 42,000: dala 6,000 na 2022, dala 18,000 na 2023, da dala 18,000 na 2024. Amma abin da ya shiga asusuna bai kai haka ba, don lauya ya ɗauki dala 7,200. Maiɗakina tana aikin kula da tsofaffi, ta samu dala 30,000 a 2024 da dala 22,000 a 2023. A 2022 kuwa abin da muka samu mu biyu dala 27,000 ne. Wasu sun ce ba a biyan haraji kan kuɗin naƙasa, wasu kuma sun ce gara ni da ita kowa ya cike takardar harajinsa daban. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Masu cewa babu haraji suna magana ne a kan wasu kuɗaɗe daban da naka. Tallafin SSI, wanda ake ba naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi ba tare da duba shekarun aikinsu ba, babu haraji a kansa, ko a SSA-1099 ba ya fitowa. Haka diyyar naƙasa da ma'aikatar tsofaffin sojoji take biya. SSDI kuwa inshora ce da ka riƙa zuba mata kuɗi daga abin da kake samu lokacin da kake aiki, kuma hukumar haraji ta IRS tana ɗaukar ta daidai da fanshon tsufa na Social Security. Wani sashe nata yana iya shiga cikin kuɗin da ake yi wa haraji, gwargwadon sauran abin da gidanku ya samu.

Lissafin yana farawa da rabin kuɗin SSDI na shekarar. A haɗa shi da duk sauran kuɗin shiga: albashi, ribar sana'a, kuɗin haya, har da ruwan takardun lamunin jihohi da birane wanda shi kansa ba a yi masa haraji. Idan ma'auratan da suka cike takarda tare ba su wuce dala 32,000 ba, ko sisi na SSDI ba ya shiga. Tsakanin 32,000 da 44,000, abin da ke shiga ba ya wuce rabi. Sama da 44,000 yana iya kaiwa kashi 85 cikin 100, nan ne iyaka. Ga wanda ba shi da aure, ma'aunan su ne 25,000 da 34,000. Dokar 1983 ce ta kafa ma'auni na farko, ta 1993 ta ƙara na biyu, kuma tun daga nan ba a taɓa ɗaga su don tsadar rayuwa ba. Shi ya sa gidaje masu matsakaicin samu irin naku suke faɗawa ciki yanzu.

Kashi 85 ɗin nan yana firgita mutane ba gaira ba dalili. Ba shi ne harajin ba. Shi ne mafi yawan abin da za a iya haɗawa da sauran kuɗinku kafin a yi musu haraji irin na kowa.

Mu ɗauki shekarar da babu ariyas. SSDI dala 18,000, rabinsa 9,000. A haɗa da albashin maiɗakinka 30,000, ya zama 39,000. Ya zarce 32,000 da 7,000, rabin wannan 3,500 ke nan, shi ne kaɗai zai shiga. Kuɗin gidanku ya zama 33,500. A cire rangwamen da ake yi wa ma'aurata a 2024, dala 29,200, saura 4,300. Harajin kashi 10 cikin 100 a kai dala 430 ne, kafin a duba wani sassauci na yara ko makamancinsa.

Matsalar tana wajen ariyas. A ƙa'ida, kuɗi na shekarar da aka karɓe shi ne, don haka duk dala 42,000 ɗin a takardar 2024 za su bayyana. Rabinsu 21,000, da 30,000 sun zama 51,000. An haura 44,000 da 7,000, kashi 85 cikin 100 na wannan 5,950 ne, sai a ƙara 6,000 na matakin tsakiya (rabin tazarar da ke tsakanin 32,000 da 44,000), jimla 11,950. Kuɗin gidan ya koma 41,950, bayan rangwame 12,750, haraji dala 1,275. Kusan ninki uku, don kawai hukuma ta yi jinkirin yanke hukunci.

Doka ta buɗe ƙofa ga wannan, kuma ita ce abin da ya fi muhimmanci a amsar nan. Kana da zaɓin auna kowane ɓangare na ariyas da kuɗin shigar shekarar da ya kamata a biya shi. Na 2023: rabin 18,000 da 22,000 sun ba da 31,000, ba su kai 32,000 ba, babu abin da ya shiga. Na 2022: rabin 6,000 da 27,000 sun ba da 30,000, nan ma babu. Na 2024 shi ne 3,500 da muka fitar a sama. Ke nan 3,500 za ka rubuta maimakon 11,950, haraji ya sauko daga 1,275 zuwa 430. Dala 845 sun zauna a aljihunku.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya je ya gyara takardun harajin 2022 da 2023 da fom 1040-X. Kada ka yi haka. Waɗancan shekaru ana aro alƙalumansu ne kawai don lissafi, sakamakon kuwa a takardar 2024 yake sauka. Jadawalin lissafin yana cikin ɗan littafin IRS mai lamba 915: jadawali na 1 don hanyar da aka saba, na 2 sau ɗaya ga kowace shekarar baya, na 4 don haɗa su. Sai a kwatanta, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Ba kullum zaɓin yake da amfani ba. Da a ce a 2022 gidanku ya samu kuɗi mai yawa, zai iya fin hanyar farko tsada, shi ya sa ake yin duka biyun. Ba a haɗa jadawalin da takardar da za a aika, amma a adana shi, domin idan an zaɓa ba a janyewa sai da izinin IRS.

A fom 1040, wato takardar harajin shekara da ake aika wa IRS, wurare uku ne. Layi na 6a: abin da ke akwati na 5 na SSA-1099, wato 42,000 cif. Layi na 6b: sashen da ya shiga haraji, 3,500. Layi na 6c: ɗan akwatin da za ka yi wa alama don nuna ka bi hanyar rarraba ariyas. Idan an cire maka haraji tun daga tushe, zai fito a akwati na 6, a kai shi layi na 25b. Manhajojin haraji suna yin lissafin, amma sai ka amsa musu cewa ka karɓi kuɗin shekarun baya, ka kuma shigar da alƙaluman waɗancan shekaru. Idan ka tsallake tambayar, 11,950 za su sa maka ba tare da sun ce uffan ba. Rabon kuɗin shekara-shekara yana rubuce a bayanin da ke ƙarƙashin akwati na 3.

Maganar kuɗin lauya ba ta da daɗi, amma haka dokar take. Dala 7,200 ɗin, wanda shi ne iyakar abin da lauya zai karɓa a lokacin, ana ɗaukar sa a matsayin kuɗinka da aka biya bashi da shi, don haka yana cikin 42,000. Kafin 2018 ana iya cire wani ɓangare nasa, tun daga nan an rufe wannan hanya. Haka kuɗin inshorar lafiya ta Medicare sashen B, dala 174.70 a wata a 2024, wanda ake fara yanka bayan wata 24 da fara cancantar SSDI. Kada ka rage ko ɗaya daga layi na 6a don ya dace da abin da banki ya nuna. IRS tana da kwafin takardarka, idan alƙaluma suka saɓa za ta aiko da wasiƙar CP2000 tana neman cikon kuɗi da ruwa a kai.

Shawarar cikewa daban-daban kuwa, a gaskiya ita ce mafi muni cikin abin da aka faɗa maka. Ma'auratan da suka zauna gida ɗaya ko da kwana guda ne a shekarar, idan suka cike daban, ma'auninsu sifili ne. Rabin 42,000 ɗinka 21,000 ne, kashi 85 cikin 100 nasa 17,850, duk zai shiga ko da ba ka da wani kuɗin. Ita ma maiɗakinka rangwamenta zai ragu zuwa 14,600. Ku cike tare. Kuma cikewar wajibi ce a kanku, tunda albashinta kaɗai ya wuce 29,200.

Idan yaranka suna karɓar kuɗi ta dalilin naƙasarka, nasu ne a idon doka ko da asusunka yake shiga. Kowane yaro da tasa SSA-1099, ba a haɗa ta da taka, kuma da wuya yaro ya kai ma'aunin haraji. SSDI ba ya cikin ladan aiki wajen neman sassaucin EITC na masu ƙaramin albashi, amma albashin maiɗakinka yana ciki, kuma rage abin da ke layi na 6b yana iya ƙara abin da za ku samu ta nan. Wanda yake karɓar diyyar rauni a wurin aiki ya lura da wani abu: ita kanta diyyar ba a yi mata haraji, amma idan an rage SSDI saboda ita, abin da aka rage ɗin yana fitowa a SSA-1099 kamar an biya shi. Jihar New York ba ta karɓar haraji kan SSDI, sai dai dole a cire adadin layi na 6b a fom IT-201, takardar harajin jihar, in ba haka ba zai bi ku can.

Don shekaru masu zuwa, fom W-4V yana ba ka damar a riƙa yanke kashi 7, 10, 12 ko 22 cikin 100 kowane wata, kuma ofishin Social Security ake kai shi. A halinku ban ga buƙatarsa ba. Kashi 7 na 18,000 dala 1,260 ne, alhali abin da SSDI yake ƙara muku a haraji bai wuce 350 ba. Ya fi sauƙi maiɗakinka ta ƙara kamar dala 30 a wata a fom W-4 na wurin aikinta.

Ka nemi cibiyar VITA, inda masu aikin sa kai da IRS ta horar suke cike takardu kyauta ga naƙasassu da masu matsakaicin samu. Tafi da SSA-1099, da W-2 na maiɗakinka (takardar shaidar albashi daga wurin aikinta), da kwafin takardun 2022 da 2023. Idan sun ɓata, ana sauke bayanansu daga asusunka na shafin IRS.

In kana tunanin komawa gida jinya, bincika matsayinka tukuna. Ɗan ƙasar Amurka da mai katin zama na dindindin suna nan kan lissafin da muka yi. Wanda ya rasa matsayin mazauni, ana yanke masa kashi 30 na kashi 85, wato kashi 25.5 cikin 100 na kowane biya, a aiko masa da takardar SSA-1042S a madadin SSA-1099, kuma Najeriya da Nijar da Ghana ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka da za ta rage wannan. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba ma, biyan kansa yana iya tsayawa bayan wata shida a waje, don haka a tambayi ofishin Social Security kafin a yanki tikiti.