Ku Tambayi Goggo: Hunturu ya shigo, a kai yara ƙauye ko a bari?

Salamu alaikum Goggo, da fatan kin tashi lafiya ya sanyi. Ni uwa ce mai yara uku a Aboabo, maigidana ya dage wai hutun Disamba ɗin nan sai an kai manyan biyu, mace mai shekara 12 da namiji mai 9, gurin mamansa a wani ƙauye bayan Walewale, can arewacin Ghana. Ni kam hankalina bai kwanta ba kraa, yaran nan a Kumasi aka haife su, sanyin nan namu ma da bai kai ya kawo ba sai mura ta kama su, balle can, kuma ance ko netwok sai an hau tudu. An gama girbi babu aikin gona, to me zasu je yi in ba zaman banza ba? Na hana ne ko na bari?
Maman yara, Aboabo

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na yi dariya paa da na karanta wai zaman banza. Ni a wajen Salaga na tashi kafin aure ya kawo ni Asawase, kuma in kika tambaye ni watannin da muka fi shan aiki a tsakar gida to hunturu ne, damina ta gona ce kowa na daji, sai an kwashe amfani sannan gida ke samun masu kula da shi.

Bari in gaya miki abinda zasu tarar. Asuba kafin rana ta fito kowa na gindin wuta yana jin ɗumi, an tara kara an kunna, yara da allunansu, hazo ya rufe ko bishiyar bakin gida ba a gani sosai, kakarsu na dama koko. Rana na ɗan ɗagowa sai a shimfiɗa tabarma a zubo gyaɗa a fara ɓara, wannan aikin yara ne da tsofaffi kuma baya ƙarewa, buhu guda sai ya cinye kwanaki, ana ɓara ana ci ana sata ana faɗa. Can gefe mata na sussukar dawa suna shiƙa, iskar hunturu ai ita ke musu rabin aikin. A yanka kuɓewa a shanya, barkono a kan rufi, harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure a ɗora bisa rumfa saboda awaki su samu na ci zuwa watan Afrilu. Maza kuma suna gindin bishiya da ciyawar gamba suna saƙar zana, wani na tufka igiyar rama a cinyarsa, wani na yanta shuci na jinka. Ɗanki mai shekara 9 sati ɗaya ya ishe shi ya iya tufka igiya, kuma zai dawo yana miki fankama da ita har ki gaji.

Ita macen in ta yi sa'a aka yi ɗaɓe tana nan, to ta more. Matan unguwa ake gayyata, a zuba tsakuwar marmara a yayyafa ruwa, a jeru da maɗaɓi ana bugawa ana waƙa ana habaici, daga baya a shafe da makuba wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ƙasan ya yi ja ya yi santsi kamar siminti. Mu a nan ne muka koyi waƙoƙin da har yau in ina wanke-wanke sai in ji bakina na yi. Kuma tunda Walewale ba nisa da Bolga, in an samu mai zuwa kasuwa a tafi da ita, duk bayan kwana 3 take ci, ta ga yadda ake tsaga ciyawa da haƙori a murza a cinya a rina a saƙa kwandunan nan da ake lodawa zuwa Amurka da Turai. Yawancin masu saƙar manoma ne, rani ne lokacinsu.

To amma tsoronki ba na banza bane. Sanyin can ba irin namu ba, mu daji ya tare mana, su kuwa iskar na fitowa daga Sahara kai tsaye da ƙurarta, da asuba awo kan sauka ƙasa da digiri 20, da azahar ya haura 33, ga bushewa, leɓe ya tsage ƙafa ta yi faso wani yaron har haɓo. Ki haɗa musu suwaita da hular sanyi da safa, na fos a Kejetia sun wadatar ba sai sabo ba don ƙura zata cinye su. Man kaɗanya kar ki saya, can ne gidansa, kice wa kakarsu a shafa musu safe da dare har cikin hanci kaɗan. Su sha ruwa ko basu ji ƙishi ba. Katin inshorar lafiyarsu na NHIS ki duba bai mutu ba ki sa a jaka. Abu biyu ne nake so ki faɗa wa maigidanki ya faɗa wa mamansa da bakinsa, don ke suruka ce ba komai zaki iya faɗa ba. Na farko kar a kwana da kurfoti na gawayi a ɗaki a rufe ƙofa da taga, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa cikin barci. Na biyu, rani lokacin sanƙarau ne a Arewa, ya fi tsanani daga Fabrairu zuwa Afrilu amma ba a wasa da shi, yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ba jiƙo ba turare, asibiti a ranar. In ɗaya cikinsu na da asma to wannan ki riƙe shi a gida, ko ki bari sai hutun damina.

In babu, ki barsu su tafi. Netwok ɗin ma ni da za a tambaye ni gara da babu.

Goggo barka da aiki. Ni ɗan pragya ne, wato keke mai ƙafa uku na haya, a Asawase. Duk shekara Disamba na yi Baaba zai kira daga ƙauyenmu a hanyar Yendi, a turo momo, wato kuɗi ta waya, za a yi yaɓe, a turo za a sake jinka, a turo za a gyara rumbu, wallahi na gaji, bara na tura bana ma ga kira ya shigo. Nace masa ya bari in tara in zo in buga kwano gaba ɗaya mu huta, yace ɗakinsa dai ba za a taɓa masa ba. Wannan ba taurin kai bane Goggo?
Ɗanki, Asawase

Ɗana Allah ya yi albarka da kake turawa, da yawa basa ɗaga fon ɗin ma. Amma kaje ka kwana ɗakin kwano a hanyar Yendi cikin watan Maris lokacin da zafi ke taɓa digiri 40, sannan ka dawo mu yi maganar taurin kai. Kwano da asubar hunturu sanyi kamar firij, da rana kamar tanda, jinka kuwa na riƙe ɗumi da dare ta yi sanyi da rana, tsoho mai ciwon gwiwa ya san abinda jikinsa ke so. Kuma ba cin kuɗinka yake ba, ginin ƙasa haka yake, damina ta zaizaye gindin bango da inda ruwa ke duka, in ba a yaɓe a rani ba damina mai zuwa sai ya zube. Yanzu ne lokacin, ciyawa ta bushe ba a riga an ƙone ta ba, akwai sauran ruwa a kududdufi na kwaɓa ƙasa, ga hannaye sun huta da gona. Ka bari zuwa Maris ruwan sha ma sai an yi tafiya.

Ga shawarata. Ka buga kwano a ɗakin mamanka da na ajiya in kana da hali, ka sa silin ko da na tabarma ne, ka bar wa Baaba jinkarsa. Jinka in an yi ta da kauri ta kan yi shekara 3 zuwa sama, ba duk shekara ake sauke ta ba, ƙari ake yi. Ka tambayi takamaiman me za a saya, dami nawa, wa zai hau, kada ka tura a dunƙule. In zaka iya ajiye pragya na kwana 4 ka hau mota ta Techiman da Kintampo zuwa Tamale ka je da kanka ranar gayya, ka sayi goro da abin da mata zasu dafa, sai ka ga rabin kuɗin ya ragu, don samarin gari suna hawa rufin wanda ɗansa ya zo.

Wani abu da baka tambaya ba amma sai na faɗa. In ka je ka tabbata an share ciyawa kewaye da gidan da rumbu, fili mai faɗi. Samari na cinna wa daji wuta don su kama gafiya, iskar hunturu kuma bata da linzami. Mu da muka ga 1983 bamu mantawa, fari ya zo wuta ta bi gonaki har da na koko a nan Asante, yunwa ta sa ƙashin wuyan mutane ya fito har ake ce masa sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin, ga 'yan uwa da aka koro daga Najeriya a shekarar sun dawo babu abin basu. Tun 1990 akwai dokar hana ƙona daji, PNDC Law 229, amma doka na Accra wuta na bayan gidan Baaba, adda da fartanya ne zasu tare ta.

Goggo na sayi man kaɗanya a kasuwa, da na buɗe sai naga tsaki-tsaki a ciki kamar gari, ƙawata tace an haɗa shi da wani abu ne. Kuma wanne ne na gaske, fari ko rawaya?
Amarya, Sabon Zango

Amarya ba lallai bane an cuce ki. Man in ya narke a rana ko a bayan mota ya sake daskarewa a hankali haka yake yin tsaki, ki ɗora robar cikin ruwan zafi ya narke duka sai ki sa a firij ya kama da sauri, zai koma sumul. Ki lakato ki murza a bayan hannu, na ƙwarai narkewa yake nan take ya shige fata, kuma yana da ɗan ƙamshin hayaƙi da suya don sai an soya ƙwarar an niƙa an buga da hannu cikin ruwa har kumfa ta taso kafin a dafa. Wanda ya bar gari a hannu bayan ya narke, shi ki mayar mata. Fari da rawaya duk kaɗanya ce, saiwar borututu ake sa wa ɗayan ya yi launi. Ni fari nake saye don da shi nake soya ƙosai ma.