Amsa: Arhar gida a karkara ta isa dalilin ƙaura?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko arhar gida ta isa mutum ya koma karkarar da yawancin mazaunanta dattawa ne, inda ba a zuwa ko'ina sai da mota. A ganina, ka fara lissafa kuɗin mai, tayoyi da gyara, domin abin da ka rage a haya hanya ce takan cinye shi. Inda matasa suka yi ƙaranci, makarantu sukan rufe, mai gyaran famfo ma sai an yi kwanaki ana jiransa. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ido ya raunana, tuƙin dare ya gagara, ga asibiti nesa. Ka tambayi dattawan wurin wa yake kai su ganin likita.